Hajji ta Teku: Hanya ce ga Maniyyacin Agye da Gidan Rumji?

A watan Disamba na 2024 wani kamfanin Saudiyya ya fara zirga-zirga daga tashar Jidda da jirgin ruwan shaƙatawa mai suna Aroya. Jirgi ne mai ɗaukar fasinja sama da 3,000, kuma an tsara shi da iyalan Musulmi a zuciya: ba giya, ba caca, ga wuraren salla. Wata bakwai bayan haka, a Yulin 2025, ministan harkokin addini na Indunusiya, Nasaruddin Umar, ya ce ƙasarsa na duba yiwuwar maido da tafiyar Umra da Hajji ta teku. Wanda ya san inda kujerar Hajji ta kai a Nijar, sama da miliyan uku na sefa a ƴan shekarun nan, ba zai yi mamaki ba idan manomin aya na Caduwa ko ɗan kasuwar dabbobi na Gazawa ya ji waɗannan labarai ya ce: to mu me ya hana a zuba mu a jirgin ruwa, in dai zai fi sauƙi?

Tambayar ba ta wauta ba ce, ko da yake babban ruwan da akasarinmu muka sani bai wuce Gulbin Maraɗi idan ya cika ya tumbatsa wajen Tibiri da Gidan Rumji ba, sai kuma tafkin Madarumfa. Kakanninmu da suka je Makka akasarinsu sai da suka ƙetare teku. Masu tafiyar ƙasa sukan bi ta Borno su shiga Wadai, su ratsa Darfur da Kurdufan, suna noma suna ƙodago a hanya, wani shekara uku, wani bakwai, wani kuma can zai tsaya ya yi gida. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu Shuɗi, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, a kan wannan hanya yake. Ƙarshen tafiyar ƙasa shi ne Sawakin, a gaɓar Bahar Maliya, inda ake tsare maniyyata a duba lafiyarsu kafin su shiga jirgi zuwa Jidda. Masu hali kuwa sun bi doguwar hanyar ruwa: a 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya shiga jirgi a Ikko, ya biya ta Ingila, sannan ya nufi Hijaz. Sai daga baya manyan motoci suka gajarta hanyar Sudan, jirgin sama kuma ya zo ya shafe ta.

Masu son a koma teku hujjarsu ta farko lissafi ne. Kason da Saudiyya ke ba Nijar kujera 15,891 ne. Jirgin sama mai ɗaukar mutum ɗari uku ko ɗari huɗu sai ya yi sawu arba'in ko fiye kafin ya kwashe su, kuma kusan kowace shekara ana jin koken maniyyata da suka baro ƙauye aka ajiye su Yamai kwana da kwanaki suna jiran jirgi, guzuri na ƙarewa tun ba a tashi ba. Manyan jiragen ruwa na yau kuwa gari ne guda a kan ruwa. Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a Janairun 2024, tsawonsa ya kai mita 365, yana iya ɗaukar fasinja 7,600, adadin da ƙauyuka da yawa na gundumar Cadakori ko Gangara ba su kai ba. Irinsa uku sun kwashe alhazan Nijar kaf. Ga maganar kaya: mai jirgin sama yana auna jakarka da kilo, a filin jirgin Jidda kuma an sha ganin Hajiya tana zubar da tsaraba tana hawaye. Jirgin ruwa ba ya jin nauyin dabino da dardumai.

Hujjarsu ta biyu ta fi ta farko nauyi a wurina. Mutumin da bai taɓa wuce Maraɗi ba, a ɗauke shi da safe daga Yamai, kafin dare yana Madina, cikin zafi da cunkoson da bai taɓa gani ba, da harshen da ba ya ji. Bitar da aka yi masa a gida ta ƴan kwanaki ce, wata ma rabinta ya tafi a kan takardu da allura. A jirgin ruwa kuwa malami yana tare da jama'arsa mako biyu cur, ba kasuwa, ba gona, ba baƙi. Za a koyi ɗaura harami, a maimaita talbiyya, a gwada ɗawafi da sa'ayi a fili har tsohuwa ta gane, a bambance abin da ke wajabta fidiya da abin da ke ɓata Hajji. Ƴan ayari su san juna, a san mai ciwon sukari da mai hawan jini tun kafin a isa Mina. Tsofaffin alhazai da suka yi tafiyar mota ta Sudan sukan ce su a hanya suka koyi Hajji, kuma ban ga dalilin ƙaryata su ba.

Suna da wata hujjar da ta dace da ƙasarmu ta manoma. Hajji na matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. A 2025 an yi hawan Arfa a farkon Yuni, daidai lokacin da mutanen Agye ke duban gabas suna jiran ruwan shuka. Nan da 2030 zai faɗo a Afrilu, daga nan ya gangara Maris da Fabrairu. Ke nan shekaru masu yawa na tafe da Hajji zai kasance a rani, lokacin da hatsi na rumbu, samari sun tafi cin rani, kuma wata biyu ba su da tsada a wurin manomi. Wanda ke da lokaci ba shi da kuɗi, in ji su, me ya sa za a tilasta masa sayen sauri?

To amma ina tekun take? Nan masu adawa ke fara magana, kuma taswira na bayansu. Daga Gazawa zuwa Yamai kaɗai ya haura kilomita 700. Kwatano, tashar da Nijar ta dogara da ita shekara da shekaru, tana da nisan sama da kilomita dubu daga Yamai, kuma iyakar Gaya da Malanbil ta shiga rikici tun bayan juyin mulkin Yulin 2023, har kayan Nijar suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanyar da manyan motoci ke bi cikin ayari da rakiyar soja. Wa zai sa tsofaffi dubu goma sha biyar a wannan hanya? Ta Katsina da Kano zuwa Ikko ma sama da kilomita dubu ne. Daga gaɓar kuma tafiya yanzu ta fara: sai jirgi ya zagaye Afirka ta Yamma, ya wuce Dakar da Maroko, ya shiga Bahar Rum ta mashigin Jibralta, ya ratsa mashigin Suwez, sannan ya gangaro Jidda. Kusan mako biyu ke nan idan komai ya tafi daidai. Ta kudu, a zagaya Afirka ta Kudu, ta fi tsawo, kuma tana bi ta Babul Mandab, inda ƴan Huthi na Yaman suka fara kai wa jirage hari a Nuwamban 2023. Gajeriyar hanyar kakanni kuwa, wadda ruwanta dare ɗaya ne daga Sawakin, yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya toshe ta, kuma Darfur da za a ratsa nan wutar ta fi ci.

Maganar araha ma idan aka warware ta ba ta tsayawa. Kuɗin jirgi yanki ne kawai na kuɗin kujera. Masauki a Makka da Madina, tantunan Mina da Arfa, motoci, abinci, hidimar da Saudiyya ke caza, duk suna nan yadda suke ko ta ina ka shigo. Abin da za a rage shi ne kuɗin sa'o'i biyar ko shida a sama, a musanya shi da mako huɗu a ruwa, zuwa da dawowa, kowace rana ana ciyar da mutum sau uku, ana ƙona mai, ana biyan ma'aikata. Jirgin da ke ɗaukar fasinja 7,000 ma'aikatansa sun haura 2,000. Ga harajin mashigin Suwez. Ga wata guda da alhazai za su yi a ƙasa mai tsarki, jirgin ko dai ya zauna yana cin kuɗi, ko ya tafi wani aiki ya dawo. Kamfanonin shaƙatawa kuma ribarsu ba a tikiti kaɗai take ba, tana cikin abin da fasinja ke kashewa a kan giya da caca da kantuna da yawon gari. Alhaji ba zai sayi ko ɗaya ba, sai dai a ɗora kuɗin a kan tikitinsa.

Indiya ta gwada. Ta daina kai alhazai ta ruwa a 1995, bayan jirgin da take amfani da shi ya tsufa. A farkon 2018 gwamnatinta ta ba da sanarwar cewa Saudiyya ta amince a farfaɗo da hanyar Mumbai zuwa Jidda, amma har yau ta sama alhazanta ke tafiya, alhali ƙasa ce mai gaɓar teku, mai jirage, mai kusanci da Jidda fiye da mu nesa ba kusa ba. A Hajjin 2024, cikin alhazai sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari shida da suka zo daga waje, waɗanda suka shigo ta ruwa ba su kai dubu biyar ba.

A nan nake ganin masu son teku sun haɗa jirage biyu sun mai da su ɗaya. A idonsu suna ganin ɗakunan Aroya masu sanyi da gado da bayi, a aljihunsu kuma suna lissafin kuɗin tsohon jirgin fito na Sawakin. Jirgin alhazai na da yana da araha ne saboda mutane a ƙasa suke kwana, kafaɗa da kafaɗa, kowa da tabarmarsa da tukunyarsa, ruwan sha da awo. Wannan cunkoso shi ya sa kwalara ta riƙa bin alhazai, har annobar 1865 ta tashi daga Makka ta kai Misira da Turai, aka kafa wuraren killace mutane a Ɗur ta Sinai da tsibirin Kamaran. Araha ba ta ado. Jirgi mai daɗi ba zai yi sauƙi ba, mai sauƙin kuma ba za mu so a sa iyayenmu a ciki ba.

Batun haɗari kowane ɓangare na da gawarwakin da zai ƙirga, kuma gara a faɗe su da gaskiya. A Disamban 1991 jirgin Salem Express da ya taso daga Jidda ya daki dutsen ƙarƙashin ruwa kusa da Safaga a Misira, hukuma ta ce mutum 470 suka rasu. A Fabrairun 2006 Al-Salam Boccaccio 98 ya kama wuta ya nutse a tekun nan dai, sama da mutum dubu suka tafi. A Satumban 2002, jirgin Senegal mai suna Joola da aka yi don mutum ɗari biyar da ƴan kai ya kife da lodin da ya ninka haka fiye da sau uku, mutum 1,863 suka halaka. Mai goyon bayan teku zai amsa da Kano, Janairun 1973, inda jirgin sama mai dawowa da alhazai ya faɗi da mutum 176, da kuma Yulin 1991, lokacin da jirgin alhazan Sakkwato ya kama wuta jim kaɗan bayan tashi daga Jidda, mutum 261 ba wanda ya fita. Abin lura shi ne jiragen ruwan da suka nutse ɗin nan duk na fito ne, masu rahusa, irin waɗanda talaka ke shiga. Manyan jiragen shaƙatawa ba kasafai suke nutsewa ba, ko da yake Costa Concordia ya kife a gaɓar Italiya a 2012 ya ci rai 32. Su cutarsu ita ce cuta: Diamond Princess, a Yokohama ta Japan, Fabrairun 2020, cikin mutum 3,711 sama da 700 suka kamu da korona. Ayarinmu rabinsa tsofaffi ne, kuma mu ƴan yankin sanƙarau ne. Tari ɗaya a rana ta biyu, kafin Suwez ya zagaye jirgi.

Malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan babi ba, kuma hukuncinsu bai ba kowane ɓangare nasara duka ba. A Muhtasar na Shehu Halil teku hanya ce ta Hajji daidai da tudu, sai fa idan halaka ta fi rinjaye, ko kuma idan jiri da amai za su sa mutum ya rasa wani rukuni na salla. Mace kuma an sharɗanta mata wuri keɓantacce. Sharaɗin mace jirgin zamani ya cika shi, tun da kowa da ɗakinsa da makulli. Na jiri kuwa yana nan daram, domin tekun Atilantika ba tafkin Madarumfa ba ce, kuma wanda bai taɓa hawa ba bai san cikinsa ba sai jirgi ya fara lilo. Sauran masa'ilu masu sauƙi ne. Ruwan teku mai tsarki ne. Ana salla a tsaye idan an iya, a fuskanci alƙibla, idan jirgi ya juya a juya. Mai gangarowa daga Suwez a cikin jirgi zai ɗaura harami, idan ya zo daidai da Juhfa, kusa da garin Rabig.

Ko Hajjin teku bai tabbata ba, wasu daga cikinmu za su shiga irin waɗannan jirage: mai Umra da ƴaƴansa suka biya masa kwana uku a Aroya, ɗan kasuwar Maraɗi da ya je Dubai, ɗalibi a Misira ko Turkiyya. Kuma a nan ne masu adawa ke da wata magana da ba a son ji, cewa al'adun tafiyarmu da dokokin jirgi ba sa jituwa. Wuta ce babbar abokiyar gabar jirgi, don haka ba risho, ba gawayi, ba kaskon turare, ba dutsen guga, har tukunyar dafa shayi ta lantarki yawancin kamfanoni karɓewa suke yi a ƙofa. Mai shayin da ba ya rabuwa da ƴar butarsa da mangal sai ya haƙura. Bayin jirgi da iska yake zuƙe ƙazanta ta siririn bututu, tsumma ɗaya ko leda ya isa ya toshe na ɗakuna da yawa. A tafi da buta, amma a yi tsarki inda ruwa ke da mafita, kada a jiƙa daɓen da tsoho zai taka ya zame. Ba a jefa komai a teku, ko ɓawon lemo, balle tofar da tuƙar goro daga bene na tara, iska za ta mayar da ita kan na bene na takwas. Kilishi da dambun nama da garin fura a tambaya tukuna, domin tashoshi da yawa ba sa barin nama ya shiga ko ya fita.

Tun bayan haɗarin Costa Concordia doka ta wajabta a nuna wa fasinja wurin taruwarsu da yadda ake sa rigar ceto kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. Wannan ba wurin aika yaro ba ne, Alhaji da kansa zai je, ya san lambar wurinsa, ya san cewa gajerun ƙararrawa bakwai da doguwa ɗaya na nufin a fito. Mai tsoron jiri ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a benen ƙasa, ya sha maganin tun kafin a tashi, ya riƙa fitowa yana duban inda sama ta haɗu da ruwa. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa cokalin da kowa ke ɗiba da shi, domin ciwon gudawa da amai ta nan yake bi. A kashe intanet ɗin waya idan an bar gaɓa, in ba haka ba kuɗin tauraron ɗan'adam zai cinye guzuri. A kuma duba takardar kuɗi, kamfanoni da yawa na ɗora ladan ma'aikata a kan kowane kwana ba tare da an tambaye ka ba. Abu mafi wuya gare mu shi ne lokaci. Idan an tsaya a wata tasha aka ce ƙarfe biyar, ƙarfe biyar ɗin ne, da agogon jirgi. Ba ɗan kamasho da zai ce a jira Alhaji yana alwala.

Masu son teku za su ce duk wannan ana koyo, kuma gaskiyarsu. Mutanen da suka koyi ɗaure bel a jirgin sama da hawa jirgin ƙasan Mina za su koyi rigar ceto. Ni dai ban ɗauki rashin sabo a matsayin hujja ba. Abin da ya kayar da shawarar a wurina shi ne nisa da kuɗi, kuma waɗannan biyun ba bita ke gyara su ba.

Sai dai ƙorafin da ya haifi shawarar yana nan, kuma hukumar shirya Hajji ta Nijar, COHO, da kamfanonin jigilar alhazai ne ya kamata su amsa shi. Idan abin da ake nema a jirgin ruwa mako biyu ne na karatu da sanin juna, ana iya samunsu a tudu: a tara maniyyatan kowace gunduma a Agye, a Gazawa, a Tibiri, a rani, da malami da likita, ba a yini biyu a sallame su ba. Idan wahalar hanya ce, a dubi inda ake tashi. Filin jirgin Katsina, wanda ke kwasar alhazan jiharsa kowace shekara, bai kai kilomita ɗari daga Maraɗi ba, alhali maniyyacin Gazawa na kwana a mota zuwa Yamai don ya hau jirgin da zai dawo da shi gabas ta saman gonarsa. Idan kuwa tsada ce, a buɗe lissafin kujera kowa ya gani, nawa ne na jirgi, nawa ne na masauki, nawa ne ke tsayawa a hannun masu shiga tsakani. Hanyar ruwa guda da nake ganin za ta iya dawowa wata rana ita ce gajeriyar nan ta Sawakin, idan Sudan ta zauna lafiya, aka kuma samu titi mai kyau da ya ratsa Chadi da Darfur. Ƴan Sudan har yanzu suna ƙetarawa ta nan zuwa Jidda, amma tsakanin Anjamena da bakin tekun akwai sama da kilomita dubu biyu, kuma babban yankinsu yau filin daga ne.